Kuɗin Kawu da Ba Sa Cefane

Madarar da ake ajiyewa a bakin ƙofa ce ta sanar da rasuwar Kawu. Kwalba biyu, ta jiya da ta shekaranjiya, ba wanda ya ɗauka. Tsohon Baturken da ƙofarsa ke kallon ta Kawu a can unguwar Edmonton ta Landan shi ya lura, ya ƙwanƙwasa bai ji motsi ba, ya kira mai kula da ginin aka buɗe. Suka same shi zaune a kujerarsa ta bakin taga, tabarau a hanci, ɗan hantsakinsa a cinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni aka fara bugo wa waya ina bakin aiki a asibiti, domin ni kaɗai ce jininsa a duk faɗin Ingila. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya.

Maigidana ya ce da aka yi masa salla a masallacin Whitechapel sahu biyu ba su cika ba. Ni ina zaune a ɗakinsa ina karɓar gaisuwa, ina kuma jin abin da kowa ke faɗa a kansa, sai na gane ba wanda ya san shi. Wasu ɗalibai 'yan Zariya suka ce su duk zatonsu mutumin Sanagal ne, saboda sun sha jin yana gunagunin Faransanci shi kaɗai a bas. Matar wani likita ta dafa ni ta ce, Allah sarki, tsohon nan mai takardu, sai ta koma maganar tsadar labule. Wanda ya yi kuka na gaske shi ne Baturken. Shekara da shekaru suna shan shayi tare, Turancin wannan bai fi na wancan ba, ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hularsa har kafaɗunsa na rawa.

Da suka dawo daga maƙabarta, liman ya kira ni gefe ya ba ni wata 'yar laya ta baƙar fata. Ya ce a wuyan Kawu suka same ta wajen wanka. Na karɓa na jefa a jaka. Kowa ya san ba a buɗe layar wani, balle ta mamaci.

Na zauna rubuta wannan ne saboda abu biyu. Ina tsoron nan da shekara kaɗan in an ambaci Kawu a ce wane ne, alhali ya fi shekara ashirin yana wanke bas-bas ɗin garin nan. Na biyu kuma, na yi masa ƙarya sau ɗaya, ya rasu ban warware ta ba, kuma tun ranar da aka bugo mini waya ita ce ke zaune a ƙirjina.

Kafin sadakar uku labari ya isa Kano cewa tsoho ya bar kuɗin Faransa akwati-akwati. Ban san wanda ya kai shi ba, amma ba a yi masa ragi a hanya ba. Sai ga Kawu ƙarami, autansu, ya sauka. Lokaci ne da kuɗin mai suka buɗe wa mutanenmu ido, shi kuwa kwangilar hanya ta karɓe shi, Landan ta zama masa kamar Kantin Kwari. Sau nawa yana zuwa sayen agogo bai taɓa hawa bas ya zo Edmonton ba, amma ranar ya zo da tasi har bakin ƙofa. Bayan addu'a ya yi gyaran murya ya ce a fito da dukiyar marigayi a gaban shaidu, kada haƙƙin magada ya salwanta.

Na jawo akwatin marigayin daga ƙarƙashin gado. Kundaye ne masu bangon kore, kowane shafi da aljihuna na farar leda, kowane aljihu da 'yar takardar kuɗi wadda ba ta kai tafin hannu ba, wata ruwan ƙasa, wata shuɗiya, wata ta koɗe har ba a gane launinta. Kawu ƙarami ya zaro ɗaya ya ɗaga ta a haske, ya juya ta, ya tambayi liman a wane banki ake canza su. Na ce ba a canzawa, sun daina aiki tun kafin a haife shi. Ya dube ni ya ce:

"Yanzu Yaya shekara ashirin yana wankin bas, abin da ya tara ke nan? Kuɗin da ko ƙosai ba za su saya ba?"

Ya ce in riƙe, shi ya yafe rabonsa, kuma ya san mahaifiyata ma za ta yafe. Washegari ya yi booking ya koma. Ban ji haushinsa sosai ba, domin abin da ya faɗa ni ma na taɓa faɗa, nawa ma ya fi muni.

Asalin takardun nan daga Kaka ne, mahaifinsu. Mutumin ƙasar Maraɗi ne, yana saurayi Faransawa suka kwashe su zuwa yaƙin Jamus na farko. Yadda Kawu ya ba ni labari, a lokacin yaƙin silalla sun ɓace a ƙasar Faransa, kowa ya ɓoye nasa, aka rasa canjin sayen burodi. Sai 'yan kasuwar kowane gari suka haɗu a majalisarsu suka buga 'yan takardu na wucin gadi, tamma ɗaya, tamma biyu, rabin tamma, yadda ake kiran kuɗin Faransa a Maraɗi, don a samu na cefane. Takardar kowane gari a yankinsa kaɗai take ci. Kaka bai san haka ba, wa zai gaya masa? Shi a wurinsa kuɗin Bature kuɗi ne. Duk garin da aka sauke su sai ya ƙuntata wa cikinsa ya adana canjin da aka ba shi, ya naɗe a tsumma ya ɗaura a ƙugu, yana lissafin auren da zai yi in ya koma.

Ya koma da ƙafa ɗaya mai ɗingishi da ƙunshinsa. Ya kai kasuwa aka ƙi karɓa. Ya taka har bariki wurin akawu, akawu ya yi dariya ya ce sai dai ya koma garuruwan da suka buga su ɗaya bayan ɗaya. Gari ya ɗauka, yara suka riƙa bin sa suna kiransa attajirin takarda, har abin ya ishe shi ya ƙetaro iyaka ya zauna wajen Jibiya. Yawancin takardun gara ta cinye. Guda ɗaya ce ta tsira, ta tamma ɗaya, daga wani gari na bakin teku inda ya yi jinyar ƙafarsa, garin da har yau ban iya kiran sunansa daidai ba. Ita Kawu ya taho da ita Ingila a cikin hularsa.

Sauran duk shi ya tara. Wata Asabar, a farkon zuwansa, ya bi ta ƙarƙashin wata gadar jirgin ƙasa a tsakiyar Landan inda masu sayar da tsofaffin kuɗi ke baje tebur, sai ya hango irin takardar mahaifinsa a cikin kwalin takalmi. Ya ce nan ya tsaya yana duba ta. Ashe abin da aka yi wa ubansa dariya a kansa yana da suna, yana da masu nema, har da littafin da aka jera su. Daga ranar ya ɗaura niyyar sake tara duk garuruwan da Kaka ya ambata, a jere yadda ya bi su, daga Marsel inda jirgin ruwa ya sauke su har zuwa Bordo inda aka ɗebo su. Da ƙamus ya koya wa kansa Faransancin da ke jikinsu, shi ne gunagunin da ɗaliban nan suke ji.

Ni na zo koyon aikin jinya ne da tallafin gwamnatin jiha. Shi ya tare ni a filin jirgi riƙe da wata ƙatuwar rigar sanyi ta maza, ya yafa mini tun kafin mu gama gaisawa, ya ce kada in yarda da ranar garin nan, haske ne kawai babu wuta a cikinta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Matarsa ta rasu a gida wajen haihuwa tun kafin ya fito, bai sake aure ba. In an yi masa maganar sai ya ce ai ga uwarsa ta zo, ya huta.

Duk Lahadi nakan hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka in kama bas zuwa wurinsa. Ya tuƙa tuwon garin shinkafa, ya kaɗa kukar da yake tattalinta kamar magani, mu ci. Sannan ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya goge, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya ɗauko kundi. Ba a taɓa takarda da yatsa, sai da hantsaki. Ba a sa kofin shayi a teburin. Wata rana na ga wata ta yamutse na ce bari in ɗan goge masa ita da dutsen guga, ya dube ni kamar na ce zan yanka limami. Ya ce kowane lanƙwasa hannun wani ne, wata ƙila mai burodi, wata ƙila soja, in na goge na kori mutanen. Yakan ɗaga guda ya ce wannan a garinta tana sayen madara da ƙwai, ta ƙetare kogi ta zama shara, sai ya yi dariya ya ce giwa a garin wani zomo. Na daɗe ina ɗauka takardun kaɗai yake nufi.

Ni kuwa gaskiya gundura nake yi. Yarinya ce ni, ga Landan a waje, ga tsoho yana karanta mini sunayen garuruwa ta hanci. Nakan tsokane shi in ce Faransa fa ga ta nan, ruwa kaɗan ya raba, ya je ya gani da idonsa mana. Kullum amsarsa ɗaya, sai kundi ya cika, ba ya so ya je wa garuruwan ubansa da giɓi. Ya rasu bai je ba.

Shekara huɗu da suka wuce aka yi bikina. An ɗaura aure a gida, aka yi walima a nan, a wani zaure da aka kama haya a Plumstead, ranar Asabar da rana. Dangin maigidana masu hali ne, kuma shekarun nan kowa yana so a san yana da shi. Gwaggonsa ta zo daga Kaduna da jaka guda ta sababbin kuɗi don liƙi kawai. Aka sa ni a tsaka, mata na ta manna mini fam da naira a goshi suna zuba a ƙasa, wasu na tsincewa a tire. Ana cikin haka sai na ga an dare. Kawu ne ya ratso cikin mata da tsohuwar babbar rigarsa mai warin kafur. Ya ciro wani abu daga hularsa, ya manna mini a goshi da hannu biyu, ya riƙe ta ɗan lokaci, bakinsa na motsi.

Da ya saki ta faɗo, gwaggon ta cafe. Ta ɗaga ta sama ta tambaya da ƙarfi ko wannan tikitin bas ne, ta ce ashe dangin amarya da rasit suke liƙi. Zaure ya kwashe da dariya. Ta miƙo mini, ni kuwa kunya ta rufe ni har ina jin zafi a kunnena. Na karɓa na sake ta ƙasa cikin ƙafafun masu rawa, na juya baya. Ban ko duba wacce ce ba. Na ɗauka ɗaya ce daga cikin ɗaruruwan da yake saye a kwalin takalmi.

Bayan kwana biyu na je har ɗakinsa na zazzage masa. Na ce ya kunyata ni a gaban surukaina, in ba shi da abin liƙi ai da ya zauna a kujerarsa, ba dole. Na ce Kaka an yi masa dariya a Maraɗi bai ishe mu ba, sai an biyo mu da ita har Landan. Yana tsaye yana zuba ruwa a butar shayi, bai juyo ba har na gama. Abin da ya ce kawai, in zauna in sha shayi, da sanyi a waje. Ban zauna ba.

Daga nan Lahadina ta zama ta gidan miji. Sai in yi wata biyu ban je ba, in na je ma a tsaitsaye. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma bai ƙara ɗauko kundi a gabana ba. Sau ɗaya ne, da na kai masa ɗana na fari ya gani, yana riƙe da jaririn, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba.

"Uwata, 'yar takardar nan da na ba ki, tana nan?"

"Tana nan, Kawu. Na adana ta."

"Madalla. Allah ya yi miki albarka."

Ƙaryar ke nan. Ta fito mini da sauƙi, har na ji daɗin yadda na rufe maganar.

Bayan rasuwarsa council, hukumar da ke da ginin, suka aiko takarda suna son makullin flat ɗinsu. Na ɗauki hutu na riƙa zuwa ni kaɗai ina kwashe kaya, kayan da ba su taka kara sun karya ba: tukwane biyu, darduma, rigunan aiki, rediyo. Baturken yakan kawo mini shayi ya ajiye ya fita. A rana ta ƙarshe na zauna a kujerar bakin taga na buɗe kundi na farko, na bi shi shafi-shafi yadda ban taɓa yi ba yana da rai. A ƙarƙashin kowane aljihu ya manna 'yar takarda ya yi rubutu da ajami: nan Baba ya fara ganin ƙanƙara, nan aka ba su naman da suka ƙi ci, nan abokinsa ɗan Tasawa ya rasu. Ashe ba kuɗi yake tarawa ba, tafiyar ubansa yake bi a ƙafa, daga wannan ɗaki.

A tsakiyar kundin na iske aljihu ɗaya babu komai. Rubutun ƙarƙashinsa ya fi sauran tsawo. Ya ce wannan ita ce ta hannun Baba, ita kaɗai ta tsira. Ya ce da Baba ya auri Inna ba shi da abin ba ta na kansa, sai ya ba ta wannan, ta karɓa ba ta yi dariya ba, ta ajiye ta a cikin tasoshin jerenta har ta rasu. Layin ƙarshe da wani alƙalami daban ya rubuta shi: na ba takwarar Inna ranar aurenta, tana wurinta.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da shi. Mutumin nan ya ɗauki abu mafi daraja da gidanmu ya mallaka ya ɗora mini a goshi, na jefar a ƙasa don wata mai jakar kuɗi ta yi dariya, sannan ya tafi kabari yana zaton tana cikin akwatina.

Na yi haukan nema. Na koma zauren Plumstead, mai gadin ya dube ni kamar mahaukaciya, shara ta shekara huɗu. Ranar Asabar na je ƙarƙashin gadar, na sami Baturen da Kawu ke saye a wurinsa, wani mai jan hanci da safar hannu marar yatsu. Da na gaya masa ya rasu sai ya cire hularsa. Ya ce bai taɓa ganin mai saye irinsa ba, kowa sabuwa kar yake nema, shi kuwa sai ya zaɓi wadda ta fi shan hannu. Ya binciko mini irin ta garin nan, tamma ɗaya, mai hoton mace riƙe da zangarniyar alkama, ya ce in ɗauka kyauta. Na kawo ta gida na kai ta bakin aljihun, hannuna ya ƙi. In na sa ta, na yi masa ƙarya ta biyu ke nan.

Ana gobe sadakar arba'in ina juye jakata sai layar nan ta faɗo. Na riƙe ta a hannu, a karo na farko na dube ta da kyau. Ta cika faɗi, kuma ba ta da kauri irin na laya. Ɗinkin ba na baduku ba ne, baƙin zaren ɗinke maɓalli ne, an yi shi a karkace, fatar kuma ta tsohuwar safar hannu ce. Na kai wa liman na tambaye shi. Ya latsa ta, ya jinjina, ya ce shi bai ji alamar rubutu a ciki ba, kuma tunda ni ce mai ita yanzu, in yi bisimilla in buɗe.

Da ɗan almakashin da muke cire zaren ɗinki a asibiti na warware ta, a kan farin ƙyallensa, bayan na wanke hannu. Tana ciki a naɗe cikin leda. Ruwan ƙasa, ta yi laushi kamar tsumma, ga macen da alkamarta. A gefe ɗaya, daidai kan lambar, akwai ɗan rami zagayayye inda tsinin takalmin mace ya taka ta. Ban sani ba ko na takalmina ne.

Wato yana gani lokacin da na sake ta. Ya jira aka gama rawa, ya sunkuya cikin ƙafafun mutane, tsoho da babbar riga, ya tsince ta. Ranar da na je ina zazzaga masa tana ɗakin. Ranar da ya tambaye ni tana nan, na ce tana nan, tana rataye a ƙirjinsa, ƙarƙashin kan ɗana, ya ce madalla, ya sa mini albarka. Kuma bai koma ya goge abin da ya rubuta a kundi ba, ya bar shi yadda duk wanda ya buɗe bayansa zai ɗauka na riƙe amana. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni dai a wurin mai wankin bas na ga haka, mutumin da sahu biyu ba su cika a kansa ba.

Ta Baturen na mayar masa. Aljihun nan na bar shi babu komai, haka zai zauna, domin abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa ba ya buƙatar gyara yanzu. Na mayar da ita cikin fatarta na ɗinke da hannuna, ɗinkina ma bai fi nasa kyau ba. Kundayen suna saman kabad ɗina, in yarana sun yi wayo zan wanke musu hannu in zaunar da su, ko da Turanci za su riƙa ba ni amsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa mini a nan, ya sada shi da iyayensa a garin da ba a kiran kowa baƙo. Wanda ya karanta wannan ya taimake ni da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya, ba shi da ɗa, ba shi da kowa sai mu.

Tana nan, Kawu. Tana wuyana.